Bijimin Lwendo a Hannun Kawu

Ya 'yan uwa, tun da aka tashi daga baje kolin dabbobi na bana, zance ɗaya ake yi a bakin famfo da cikin motocin Monze: wai wata yarinya ta yi wa kawunta asiri da bijimi. Har a bakin waɗanda na koya wa karatu da hannuna na ji shi, abin ya ba ni kunya. Sai na ɗauki sandata na bi gida-gida ina tambaya.

An yi wani mutum a nan yankinmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake na ga waɗansunku sun fara murmushi. Shi ke riƙe da shanun dangin uwarsa, kamar kowane babban kawu a al'adarmu. Maƙwabta ma sun ba shi nasu kiwo, saboda garkensa na kusa da fadama.

Wata shekara saniya ta mutu ta bar ɗan maraƙi baƙi, ƙafafu kamar tsinke. Mutumin nan ya ɗauko wuƙa. 'Yar ƙanwarsa Lwendo ta sa kuka. Ya yi dariya a gaban kakarta da sauran mutanen gida, ya ce, "Ɗauki abinki, na ba ki. In ya kwana biyu, ki zo ki ba ni labari."

Maraƙi bai mutu ba. Lwendo ta shayar da shi da kwalba, ta sa masa suna Malasha, wato gawayi. A ƙungiyar matasan manoma ta makarantarsu aka koya mata yadda ake goge dabba har ta yi sheƙi, yadda ake jan ta da igiya, da yadda ake tsayar da ita ƙafafu daidai a gaban alƙali. Kullum da yamma za ka gan su a hanyar rijiya, ita gaba shi baya, tana yi masa hira kamar ƙaninta. Burinta ɗaya ne: ta shiga da shi ajin matasa a baje koli, ta riƙe igiyarsa da hannunta.

Malasha ya girma, ya cika, ya yi tozo. Ranar da kawu ya tsaya ya dube shi sosai, ran nan ya tuna cewa shi ne mai riƙe da dukiyar dangi. Ya shigar da bijimin ajin manya da sunansa. Ya kuma samo wani mahauci daga Lusaka da ya yi alkawarin saye in an ci na ɗaya.

"Kawu, ai ka ba ni shi."

"Maraƙi na ba ki. Kin ga maraƙi a nan?"

Me yarinya za ta ce da kawu? Ba ta da dabbar nunawa, sai ta shiga cikin 'yan sa-kai, aka ba ta koriyar riga da bokiti biyu. Aikinta ɗiban ruwa daga tanki zuwa turakun dabbobi. Ko ba komai za ta ga Malasha kafin a loda shi a mota.

Kun san yadda filin nan yake cika. Ƙanshin gasasshiyar masara, 'yan makaranta da gangunansu, tsofaffi suna gardama a kan kabewar da ta fi girma. Lwendo ta shayar da awaki, ta kamo wa wata tsohuwa zakaranta da ya tsere, ta sha dariya da ƙawayenta. Wata a cikinsu tana tsokanarta, "Uwar gawayi, ɗanki ya yi sabon uba!" Ita ma ta yi dariya, ko da yake ba ta kai ciki ba.

Turke ɗaya ne aka hana ta. Duk sanda ta nufi wurin Malasha da bokiti, sai kawu ya tare hanya.

"Wuce da ruwanki. Ni nake shayar da bijimina."

Tana jin kukan dabbar daga nesa, kukan da ba ta saba ji ba.

Da hantsi babban baƙo ya iso da wuri, yana kuma saurin komawa. Sai lasifika ta kira ajin bijimai kafin lokacinsa. Mutuminku yana rumfar cibwantu, kunun nan namu na masara, yana cika wa mahauci baki. Ya ajiye kofi ya ruga, ya kwanto Malasha, ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa don kada ta kuɓuce. Ya shiga fili da hularsa mai faɗi da sabuwar kwat, yana ɗaga wa jama'a hannu.

A daidai lokacin Lwendo tana wucewa ta ɗaya gefen filin, za ta wurin tumaki, ruwa yana fallatsa daga bokitanta.

Malasha ya ɗaga hanci. Ya juya. Ya zabura.

Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin an ja buhun masara a ƙasa? Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Aka ja bawan Allah ta gaban alƙalai, ta gaban babban baƙo, ta cikin abin da shanun ajin farko suka bari a ƙasa. Wani tsoho a cikin taro ya yi ihu, "Ku ba bijimin kyauta, ya iya nuna mutum!" Malasha bai tsaya ba sai da ya tsoma kai a bokitin Lwendo.

Mahauci ya shiga motarsa ya tafi.

Da mutumin nan ya yi shiru, da an yi dariya an manta. Amma girman kai bai bar shi ba. Kafin ya wanke fuska ya fara cewa yarinyar ta yi wa garkensa asiri. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a wurin makoki. Ƙawayen Lwendo suka fara sauya hanya in sun hango ta.

To, wa zai bar saniyarsa a garken da aka yi wa asiri? Maƙwabcin farko ya zo ya kora nasa, yana ba da haƙuri. Na biyu ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Sannan tsofaffin matan dangi suka zauna. Kaka ta ce da kunnenta ta ji kyautar maraƙi, kuma kyauta ba ta komawa don ta yi ƙiba. Aka mayar wa Lwendo da Malasha. Sauran shanun dangi aka danƙa wa ƙanen kawu. Yau in ka bi ta garken nan, kaji ne suke tono a ciki.

Ku duba, ya 'yan uwa. An ba shi amana ya ci. Ya yi kyauta ya ƙwace. Da kunya ta kama shi, sai ya ɗora wa yarinya sharri don ya rufe tasa, sharrin kuma ya kwashe masa garke. Mu da muka yi ta yaɗa zancen fa, muna ina a ciki? Allah ya tsare mu da cin amana, ya tsare harsunanmu daga sunan 'ya'yan mutane. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.

Zancen asiri kuwa, matar mutumin nan ce ta gaya mini gaskiyarsa, domin gishirin miyarta ya kwashe kaf. Tun ana gobe baje koli ya ɗura wa bijimin gishiri, ya hana shi ruwa, don ya shayar da shi dab da shiga fili, cikinsa ya cika, alƙalai su gan shi da nauyi. Aka kira su kafin ya shayar.

Ƙishirwa Malasha yake ji.