Kurege da Ɗan Rakiyarsa Ƙuda

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Yaya."

"To ku matso, ba zan ɗaga murya ba."

An yi wani Kurege da ya shekara bakwai a ci-rani. Ran nan saƙo ya iske shi: tsohuwarsa ba lafiya, tana ta kiran sunansa. Tafiyar kwana uku ce. Ya rataya jaka ya kama hanya, ko guzuri bai tsaya yi ba.

A mararraba ya gamu da Ƙuda. Ƙuda ya ce, "Ɗan'uwa, ba rumfar abincin da ban sani ba a hanyar nan. Mu je in raka ka."

Ya kai shi wurin wata mai shinkafa da wake. Tukunya a buɗe, abinci ya huce tun safe, ruwan wanke kwano ya yi kauri kamar kunu. Kurege ya gani, ransa bai so ba. Amma matar ta riga ta zuba, har ta ce, "Bismillah, ɗana." Wa zai tashi ya bar kwanon da uwar wani ta miƙo masa? Kunya ta zaunar da shi.

Ƙuda ya ce, "Ci, ɗan'uwa. Ni ma nan nake ci."

Ya ci. Kafin la'asar ciki ya murɗa, ga amai, ga zawo. Kwana biyu yana kwance a gindin tsamiya yana hawaye, ba don cikin ba, don tsohuwa.

Bushiya ta zo wucewa ta tausaya masa. Ta tafasa ruwa, ta sa sukari da ɗan gishiri, tana ba shi kurɓi-kurɓi. Ta ce, "Ka taɓa tambayar abokin naka inda yake karyawa?"

Kurege ya tambaya. Ƙuda ya ce, "Bakin masai mana. In leƙa juji, sannan in sauka kan shinkafa."

Da ƙafa ta samu, Kurege da Ƙuda suka ci gaba da tafiya.

Rumfa ta farko, Ƙuda ya ce, "Nan akwai mutunci." Kurege ya ce, "Na ƙoshi," tun ba a ɗau ludayi ba.

Ta biyu, "Nan ma gidanmu ne." Kurege ya ce, "Na ƙoshi."

Ta uku, Ƙuda ya ɓata rai. "Kar ka tsaya. Marowaciya ce. Tukunya a rufe, tuwo da zafi, ga buta da sabulu, wai sai an wanke hannu."

Kurege ya ajiye jaka. "Inna, zuba mini."

Ana ɗaga murfi Ƙuda ya kai wawura, tururi ya ƙone masa fiffike, ya faɗi can.

Ran kwana shida Kurege ya isa gida. Tsohuwa na nan da ranta. Ta shafa fuskarsa ta ce, "Ni ke ciwo, kai ke ramewa?" Ta ce a dama kunu, kofi biyu.

To, in kun fita cin abinci, ku duba kafin a zuba. In ma an zuba, kunya ba za ta yi muku jinya ba.

Ƙurunƙus kan ƙuda, ta tafi ta bar mu lafiya.