Tseren Waziri da Dagen Tasalla

A zamanin da, Tasalla mai zuma ta rasa mijinta, ta rasa amya tara a damina guda. Abin da ta samu shi ne dagen da ya fasa amyoyin, dabbar nan mai cin zuma, da ransa, a cikin ramin tarkon da ta haƙa.

A lokacin nan gardama ta kaure a fada. Sarki ya ce dage ya fi mutum gudu. Waziri Ɗangaladima ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dabbar da cikinta ke sharar ƙasa? Ko tsohuwa mai tulu a ka ta tsere mata." Wani malami ya ce a littafi an rubuta dage ba ya sauri sai ya ji ƙanshin zuma. Aka yi dariya. Sarki ya yi umarni a gwada.

Tasalla ta kawo nata a keji. Waziri dama ya daɗe yana kwaɗayin kurmin ɗorawar da take rataye amya, sai ya ce, "In bai cim ma mutum ba, kurminki ya zama nawa."

"Na yarda, ranka ya daɗe. Amma ni zan zaɓi mutumin."

Aka buɗe keji. Dogarai suka yi ta kaɗa ganga a bayan dagen. Dage ya kwanta, ya yi hamma.

Tasalla ta ce, "Ku kam ba ku san daji ba. Dage ba a korarsa, shi ke kora." Ta ɗora wa Waziri ƙwaryar saƙar zuma a hannu. "Kai na zaɓa."

Dage ya ɗaga hanci. Waziri ya tattare babbar riga ya zuba da gudu, rawani na warwarewa. Ya haye tsamiya, dage ya bi shi sama. Ya diro, ya jefar da ƙwarya, yana ihu, "Na yarda! Ya fi doki!"

Sarki ya yi dariya har hawaye, ya ce kurmi na Tasalla ne da zuriyarta. Sa'an nan ya taya dagen da zane goma.

Tasalla ta ce, "Albarka."

"Akuya biyar."

"Allah ya ja zamaninka, albarka."

"To, Inna, faɗi da bakinki."

Tasalla ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Saniya biyu masu ciki. Kuma ranar da ka gaji da shi, Waziri ne zai mayar da shi daji, a ƙafa."