Bindigar da Ya Ware wa Ɗansa

Ya 'yan uwa, yau zan yi magana kan mai ganin aibi ya yi shiru, don shi ya tsira.

An yi wani mutum a nan Yamai, mai gyaran bindigogi a wani bariki, shekarun da fari ya cinye dabbobi, soji ke riƙe da ƙasa. Mutumin kirki ne, ba ya rasa salla. Ɗa guda gare shi, Idrisa, shi ma soja.

Aka kawo sababbin bindigogi, zubin farko. Da ya gwada su, sai ya tarar ƙarfen da ke riƙe harsashi yana tsagewa in ya yi zafi. Cikin goma, da ƙyar uku ke da lafiya. Ya je ƙofar kumandan har sau biyu, ya ji yana yabon bindigogin, ya juyo. Zamanin nan wa ke gaya wa babba kayansa ba kyau? Ga buhun shinkafar da ake ba shi duk wata, ga gari ba hatsi.

Sai ya zaɓi lafiyayya guda, ya ɗaura mata jan zare, ya miƙa wa Idrisa.

"Wannan taka ce. Kada ka sake ta."

"To, Baba."

Bai faɗa masa dalili ba, don faɗar dalili tona kai ne.

Aka tura su Idrisa rakiyar kamiyon, babbar motar hatsin agaji, zuwa garin Tawa. A hanya ɓarayi suka tare su. Bindigar Musa, abokin Idrisa, ta cije. Idrisa, yaron da aka yi wa tarbiyya, ya ce, "Karɓi tawa, Baba ya duba ta. Ba ni taka in lallaɓa."

Ya lallaɓa, ya harba, ta fashe masa a fuska.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya ƙi ɗansa ne? Wallahi yana son sa. Amma sauran sojojin ba 'ya'yan wasu ba ne? Wanda ya ɓoye aibi bai san hannun da zai faɗa ba. Allah Ya tsare mu da shirun da ke cutar da bayinsa.

Ku lissafa abin da ya rasa. Idanun ɗansa biyu. Yatsun yaron uku na hannun dama. Aikin da ya yi shirun dominsa, shi da kansa ya ajiye. Matarsa Saratu ba ta ƙara kiran sa maigida ba. Ya tsufa a unguwar Yantala yana jan Idrisa zuwa masallaci, Idrisa kuwa na cewa, "Baba, ai ka gaya mini, ni ne ban ji ba."