Lemon da Biri Ya Kai wa Surukinsa

An yi wani Biri mai ji da kansa. Sau ɗaya tak ya taɓa satar lemo a lambun birni, amma tun daga ranar babu masanin itatuwa sai shi. Maƙwabcinsa Jemage ne, mai ƙarancin magana, wanda ya tsufa a kan ɓaure.

Wata rana suka tarar da wani baƙon itace mai ƙaya a bakin rafi, ya zubar da manyan 'ya'ya koraye masu kaushin ɓawo.

Biri ya daka tsalle. "Lemo! Gobe surukina yana da baƙi, na sami abin fita kunya."

Jemage ya tsinke ganye ɗaya, sai ga farin ruwa mai danƙo. Ya ce, "Malam Biri, wannan ba lemo ba ne. Ganyen lemo ƙamshi yake yi in an murza. Farin ruwan nan na dangin ɓaure ne da ceɗiya da durumi."

"Ɓaure? Ina ka taɓa ganin ɓaure da ƙaya? Kai da kake kallon duniya a kife za ka koya mini lemo?"

"To, ɗanɗana ɗaya mana."

"In rage wa surukina? Allah ya kiyaye!"

Kashegari Biri ya dire kwando cike da 'ya'yan itacen a gaban baƙi, yana ta cika baki. Surukin, dattijo ne mai kara, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Danƙo ya cika masa baki, ya manne masa gemu, ɗaci ya kawo masa ƙwalla.

Tsohon ya tauna, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Nan kunya ta rufe Biri, ya ji da ma zaginsa aka yi. Ya zube ƙasa ya ce, "Baba, don Allah ajiye. Ba lemo ba ne. An gaya mini, na ƙi ji."

Tsohon ya share gemu ya ce, "Ni tun cizon farko na sani, ɗana. Jira nake in ji ko kai ma ka sani."

Darasin wannan labari shi ne, kama da wane ba wane ba ne. Dangin itace ba a ɓawonsa ake ganewa ba, kuma wanda ya raina gyaran maƙwabci a bakin rafi zai sha shi a gaban surukai.