Kyaftin Ɗin Da Ya Ƙi Jin Sanyi

Akwai wani kyaftin a cikinmu, mu masu jigila tsakanin taurari, sunansa Lucien Marchand. Jirginsa, Marigold, irin alkama yake ɗauka daga yankin Saskatchewan a duniyarmu zuwa sababbin gonakin da ke kewayen duniyar Jupiter. Mutum ne da ya iya aiki, kuma ya san ya iya, abin da ya ɓata shi ke nan. Ni dai ba na cikin jirgin, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ya ƙoshi.

Wata rana suna tsakiyar tafiya, shugabar tsaron jirgin, Odalys Begay, ta ɗago kai daga na'urar hange.

"Ranka ya daɗe, 'yan fashi. Bindigoginsu sun fi ƙarfinmu, amma ba su gan mu ba tukuna."

Kowa ya san abin yi. A sararin nan ba da ido ake farauta ba, zafi ake bi. Sai a lafe bayan wani dutse mai shawagi a sararin, a kashe inji da murhu da duk abin da ke ɗumama ɗaki, har jirgi ya yi sanyi kamar dutsen. Na ciki kuwa su yi ta kaɗa haƙora har ɓarayi su wuce.

"A kashe komai!" in ji Marchand. "Wanda na kama ko da butar kofi a kunne, zai gane kurensa."

Aka lafe bayan wani dutse, aka kashe komai. Ma'aikata suka taru a ɗakin cin abinci, suka cusu cikin barguna, numfashinsu na fita kamar hayaƙi.

"Ni fa ɗan Winnipeg ne, garin ƙanƙara," in ji Wendell injiniya, haɓarsa na rawa. "Wannan a garinmu ai lokacin zafi ne."

"To ba ni bargonka," in ji Perpetua, tsohuwar da ke musu girki.

Kyaftin kuwa ya sulale zuwa ɗakinsa. Ɗakin kyaftin yana da wutarsa daban, domin shi ne kuma ƙaramin jirgin tsirarsa. Ya ce a ransa, kan da ke yanke hukunci bai kamata ya daskare ba. Ya ɗan murɗa na'urar ɗumi. Kaɗan dai. Da ya ji daɗi, ya ɗora kofi.

Odalys na zaune gaban na'urarta sai ta ga jirgin 'yan fashin, da har ya fara wucewa, ya rage gudu. Ya tsaya. Ya juyo da hancinsa.

Ta binciki jikin Marigold, ta ga ɗigon zafi guda a can sama. Ta hau da gudu ta banke ƙofar kyaftin, ɗumi ya buge ta a fuska.

"Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. Sun gan mu."

Marchand ya zabura zai kashe na'urar.

"Bar ta. Ƙarfe ya riga ya ɗau zafi, kafin ya huce sun iso."

"To mu yi yaƙi!"

"Da me? Mu jefe su da buhunan alkama?"

Muryar Wendell ta fito daga lasifika, babu wasa a cikinta yanzu. "Oga, suna matsowa. Ina ganin fitilunsu."

"Dabara ɗaya ta rage," in ji Odalys. "A ƙure wutar ɗakin nan, a ɓalle shi, a cilla. Za su ɗauka shi kaɗai ne jirgin da ke nan, su bi shi. Amma ba abin da ke ɓalle shi sai tafin hannunka."

Marchand ya dubi lambobin yabonsa a bango, ya dubi gadonsa mai laushi.

"In na cilla shi, abu kuma ya ɓaci, ni da me zan tsira?"

"Da abin da sauranmu za su tsira da shi, ranka ya daɗe."

"Oga!" Wendell ya sake kira. "Sun buɗe bakin bindiga!"

Marchand ya ƙure wutar, ya fito daga shi sai 'yar shara, ya manna hannunsa a makullin ɓalle ɗakin. Jirgi ya girgiza. Ɗakin ya ɓalle, ya yi gaba yana juyawa cikin duhu.

Jirgin 'yan fashin ya tsaya cak, kamar mai shawara. Can sai ya karkata, ya bi ɗakin. Wutar bindigarsu ta haska, ɗakin ya tarwatse. Suka daɗe suna shawagi cikin tarkacen, ba su sami komai ba, suka kama gabansu.

Sanyi kuwa dole a ci gaba da sha har su yi nisa. Marchand ya shigo ɗakin cin abinci yana makyarkyata, rigar sanyinsa ta riga ta zama toka tare da ɗakin. Kowa ya ji abin da ya faru. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Perpetua ta ɗaga gefen bargonta.

"Matso nan, Kyaftin. Kai kaɗai ne jikinka ke da sauran ɗumi. Zo ka raba mana."

Darasi: In ka kafa wa mutane doka, ka fara sa kanka a ciki. Ɗan jin daɗin da shugaba ya keɓe wa kansa a ɓoye yana iya jawo wa kowa halaka, shi ma har da shi. Ku tura wa abokanku, musamman wanda aka ba shugabanci kwanan nan.