Nomau da Rariyar Gari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da garuruwa ke da ganuwa. Ana ce masa Nomau. Ku da ke bakin ƙofa ku matso ciki, don labarin nan da ku nake.

Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Jaki guda gare shi da mangala, sana'arsa kwasar juji. A garin nan ba a zubar da abu a banza. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida duk a juji ake tara su, in rani ya yi nisa masu jakai su kwashe su kai gonaki su zama taki. Nomau ya yi furfura yana kai taki gonakin mutane, shi kuwa ko kunya ɗaya ta gona bai taɓa mallaka ba.

Garin a kan gangara yake. Dagaci da danginsa da manyan gari suna tudu. Can ƙasa, jikin ganuwa, akwai Unguwar Gangare, inda Barebari da Nufawa da Buzaye suka zauna tun kakanni, amma har ranar baƙi ake ce musu. Duk ruwan da ya sauka a garin ta unguwarsu yake bi, ya fice ta wata babbar kafa a gindin ganuwa, wadda suke kira rariyar gari. A fadar dagaci kuwa, cikin masu rawani duka, babu mutumin Gangare ko ɗaya.

To, suna da wata al'ada, ku saurara da kyau. Akwai sarautar Sarkin Shara. Shi ke juya jakan gayya, wato jakan da ake haɗawa don aikin gari, shi ke da alhakin kwashe juji da yashe rariya kafin damina. In hadari ya fara haɗowa a gabas, sai a sa wata Juma'a. Bayan an idar da salla, Liman ya tsayar da Sarkin Shara gaban jama'a ya tambaye shi, "Hanyar ruwa ta buɗe?" In ya ce ta buɗe, a shafa fatiha, kowa ya tafi gyaran gonarsa. In ya ce ba ta buɗe ba, babu mai ɗaga fartanya zuwa gona, har shi dagacin, sai an taru an yashe ta. Al'ada ce mai kyau. Sai dai da shekaru suka ja, tambayar ta koma kamar gaisuwar safe, ana yi ana amsawa ba tare da kowa ya je ya duba ba.

Da Sarkin Shara ya rasu, dagaci ya duba ya duba, ya zaɓi Nomau, don mutum ne da ba ya musu. Aka naɗa masa rawani, aka ba shi gonar sarautar a bakin fadama. Ranar, shi da matarsa Tabawa sun zagaya gonar nan sau ba adadi, suna taka ƙasar suna dariya kamar yara. Dagaci ya ce a juya jakan gayya duka su kwashe jujin tudu zuwa gandunsa da na manyan gari. Nomau ya ce to.

Ana nan, ran nan da hantsi, wata tsohuwa Babarbariya mai dafa sabulu, Ya Fanna, ta tare shi a hanyar kasuwa, ta riƙe igiyar jakinsa.

Ta ce, "Kai ne sabon Sarkin Shara?"

Ya ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "To, zo ka ga abin da aka naɗa ka a kai."

Ya bi ta har gindin ganuwa. Da suka isa sai ya duba. Babu rariya. Tsingaro ne da ƙeso da tsumma da kara, duk tarkacen da bai yi taki ba, wanda masu jakai ke tsincewa su watsa a kwata, ruwa ya yi ta gangaro da shi shekara da shekaru. Ya cakuɗe da laka ya daskare, har tumfafiya ta tsiro a kai. Ya Fanna ta nuna masa shatin ruwa a bangon ɗakinta, daidai ƙirjinta.

Ta ce, "Bara nan ya kai. Bana ban san inda zai tsaya ba."

Ya ce, "Iya, ba ku kai kuka fada ba?"

Ta ce, "Wa zai kai? Wa muke da shi a can, ɗan nan?"

Daga ranar Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye. In ya ɗauki loma sai ya ajiye. In ya fita ƙofar gida, idonsa na gabas. Ya tafi wurin dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwashe abin da ya gani ya faɗa masa.

Dagaci ya ce, "Rariyar nan tun ina yaro ake maganarta, ga gari nan bai tafi ba. Jibi Juma'a. In an tambaye ka, ka ce ta buɗe. In ka tsare mutane a yasar kwata har ruwan shuka ya wuce su, kai za ka ciyar da su?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai rayuka a can."

Dagaci ya ce, "Akwai rayuka a nan ma. Kuma ka tuna, gonar da ke hannunka ta rawani ce. Inda rawani ya tafi, can take binsa."

Kada ku ce dagaci mahaukaci ne. Maganar shuka gaskiya ce. Abin da ya sa jarrabawar ta yi nauyi ke nan, don ƙarya ba ta cika zuwa tsirara ba, da hujjarta take zuwa. A gida ma Tabawa ta zauna gabansa da hawaye.

Ta ce, "Malam, kalma ce fa kawai. Wanda ka gada ya yi ta faɗarta, ya mutu lafiya. Sai yanzu da Allah ya ba mu ƙasar da za mu ce tamu?"

Ya ce, "Wataƙila shi bai je ya gani ba, Tabawa. Ni na gani."

Juma'a ta zo. Gabas ta yi baƙi, iska na ɗaga tabarmi, mutane sun ƙagu a sallame su. Liman ya tsayar da Nomau, ya riga ya fara ɗaga hannuwa don fatiha, ya ce, "Sarkin Shara, hanyar ruwa ta buɗe?"

Nomau ya tuna gonar bakin fadama, ya tuna shatin ruwa a bangon tsohuwar nan.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ta buɗe ba."

Wuri ya kaure da hayaniya. Wannan na cewa sarauta ce ta hau masa kai, wancan na cewa baƙi ne suka saye shi. Nan take dagaci ya sa aka warware rawanin daga kansa, aka naɗa wa Barau ɗan ƙanwar dagacin, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka Gangare ba. Liman ya sunkuyar da kai ya maimaita tambaya. Barau ya ce, "Ta buɗe." Aka shafa fatiha aka watse. Kun ji fa, jama'a. Mai amsa suka canja, rariya kuwa tana nan yadda take.

Nomau bai koma gida ya kwanta yana baƙin ciki ba. Ya ɗauki dagi da fartanya, ya kora jakinsa, ya gangara kai ba rawani. Kyari, ɗan Ya Fanna, maƙeri ne, shi ya fara rufe maƙerarsa ya zo ya kama masa, sauran mazan unguwar suka biyo. Maganar da aka faɗa a bainar jama'a ta shiga kunnuwansu, don haka suka kwashe tsofaffi da yara da hatsi suka kai inda ke da ɗan tudu. Daga cikin gari babu wanda ya leƙo, sai masu wucewa da ke yi masa ba'a, suna ce masa Sarkin Shara murabus. Suka yi ta haƙa, tafukan hannu suka ɗuri ruwa suka fashe. A sara sau biyu, a ɗaga kai a dubi gabas, a sake sarawa.

Ba su gama ba. Sun dai huda kafar da mutum zai iya rarrafawa ta ciki, sai ran nan bayan la'asar sama ta ɓalle. Ruwa ya gangaro ja wur, ɗauke da sharar tudu duka. Nomau da Kyari suka tsaya cikinsa har ƙugu, suna janye tarkace daga bakin kafar da hannuwansu, in suka janye wannan, wani ya zo ya toshe. Gidajen da ke jikin ganuwa suka zube, har da na Ya Fanna. Jakin Nomau, da ya ɗaure a inuwar bangonta, bangon ya faɗa masa. Amma ruwan ya samu hanya ya fita, kuma ba a rasa ran mutum ko ɗaya ba. Da aka ɗauke ruwa, Nomau ya zauna gefen jakinsa ya yi kuka sosai, bai ɓoye ba.

Wanshekare dagaci ya gangaro da mutanensa, ya ga ɓaraguzai, ya ga mata na tono tukwane cikin laka. Bai ce ya yi kuskure ba, irinsu ba su cika faɗa ba. Sai dai ya miƙo rawanin.

Ya ce, "Nomau, karɓi abinka, da gonarka."

Ku saurara, nan ne wurin. Mutum ne da ba shi da jaki, ba shi da gona, ga mata a gida. Kada wani ya ce muku bai so ba. Ya so ƙwarai, har hannunsa ya ɗan motsa.

Amma ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a tudu nake kwana. In hadari ya taso, mu murna muke yi. Yau na gani, baɗi ina iya shagala. Ka naɗa wanda hadari ke hana shi barci. Ga Kyari."

Dagaci ya ce, "Baƙo?"

Ya ce, "Kakansa a maƙabartarmu yake kwance, ranka ya daɗe, ba nisa da naka."

Dagaci ya dubi jama'a, jama'a na dubansa. Da hannunsa ya naɗa wa Kyari rawanin, mutumin Gangare na farko da ya zauna a fada. Nomau ya ɗora mangalarsa a ka ya hau tudu da ƙafa. Kada ku tambaye ni ko daga baya ya yi arziki, ban ji ba. Na dai ji ya ci gaba da kwasar juji da kwando a ka.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Muƙami amana ne, kuma cikar amana ita ce in an tambaye ka, ka faɗi abin da idonka ya gani, ko da zai ci kujerarka. Kai kansila, kai mai unguwa, kai shugaban hukuma, in an ce an shirya wa ambaliya, ka je da ƙafarka ka duba kafin ka ce an shirya. Kai mai naɗa mutane, ka daina cika majalisa da 'yan ɗakinku, ka zaunar da wanda ruwa zai fara ci, ko yarensa ba naka ba ne. Ku kuma kada ku gyara zama kuna cewa da manya nake. Ledar da ka jefa a kwalbati da safen nan, da robar da ka hana ɗan jari-bola, ba ɓacewa suka yi ba, gangarawa suka yi ƙofar gidan wani da ba ka sani ba. Ga damina nan ta ƙarato. Duk wanda ya tashi daga nan ya bi ta bakin kwatar layinsu ya leƙa, in a toshe take ya faɗa, ya kuma sa hannu. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada, ya tsare mana maƙwabtanmu na gangare.