Duk Wanda Aka Kama, da Sabon Aski

An yi wani mutum mai aski, shagonsa kujera ɗaya, madubi ɗaya, sai benci mai cin mutum shida. Shekarar da mai mulkin ƙasarsu ya ɗage zaɓe karo na uku, ya garƙame majalisa da kwaɗo, a kan bencin nan mutanen unguwa suke shawara. Takarda suke zagayawa da ita, kowa na sa hannu a mayar musu da ƙuri'arsu. Iyakar laifinsu ke nan.

Gogan naku kuwa, hannu na aski, kunne na nasa aikin. Duk Litinin wani jami'in tsaro yakan zo gyaran gemu, ya tafi da sunaye. Aka ɗauke tela. Aka ɗauke malamin makaranta. Aka ɗauke direba, ga matarsa da tsohon ciki. Me aka ba mai askin? Alkawarin ba za a rushe masa shago ba, shi ke nan!

Ya 'yan uwa, abin nan na ci mini rai. Mutum ya miƙa maka wuyansa, ga aska a hannunka, akwai amanar da ta wuce wannan?

Matar tela ce ta gano. Ta kai abinci gidan yari, ta dawo ta ce, "Jama'a, ba ku lura ba? Duk wanda aka kama, da sabon aski."

Ba wanda ya zage shi, ƙafa kawai aka ɗauke. Maza suka bar suma ta taru, takarda ta ci gaba da zagayawa. Mutum ɗaya ya rage yana zuwa, wansa, albarkacin zumunci.

Litinin ta zo, jami'i ya ce, "Wanda bai kawo suna ba, nasa ake rubutawa." Aski ya zo gaban goshi. Ya ba da sunan wansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Uwarsu ta ce kada ya ƙara taka mata ƙofa. Litinin ta gaba babu sauran suna, aka tasa ƙeyarsa.

A can aka miƙa masa aska, shi ke yi wa fursunoni aski. Tela ya zauna, malam ya zauna, wansa ya zauna. Kowa ya miƙa masa wuyansa.

Sau nawa za a faɗa mana? Azzalumi ba shi da kunne a kowane lungu, namu yake ara. In ya gama da maƙwabcinka kuma, kai ne a gaba.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya zauna a gabanmu.